Hoto ɗaya ya jawo mana asarar naman kaza

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara biyu ke nan ina bin masu aikin sa kai cikin dajin New Forest a kudancin Ingila, muna neman wani naman kaza da masana ke kira Hericium erinaceus. Fari ne tas, ba shi da laima irin ta laimar kwaɗi, wasu zare-zare ne ke zubowa ƙasa kamar gemun tsoho. A jikin tsofaffin bishiyoyin bic (beech, wata babbar bishiyar Turai) ya fi fitowa, inda reshe ya karye ko ciki ya fara ruɓewa, galibi da kaka. Ya yi ƙaranci sosai a ƙasar, har dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta hana tsinkarsa.

Ranar farko da rawar kai na je, na ce mu kwashe ruɓaɓɓun kututture daji ya yi tsaf, sai dattijuwar da ke jagorantarmu ta yi dariya ta ce yaro, ai gidan nasa kake son rushewa. Ashe abin da ido ke gani ɗan itace ne kawai, ainihin jikin wasu siraran zaruruwa ne a cikin icen, suna cin ruɓa shekara da shekaru, wata shekarar ma ba ya leƙowa sam alhali yana nan da ransa. Bishiyar muke gadi ke nan.

To bara Allah ya ba ni sa'a na tsinci ɗaya da kaina, ya kai girman kan jariri, murna ta ɗebe ni na ɗauki hoto na watsa a Facebook har da kwatancen wajen, ko tunani ban yi ba. Bayan kwana uku muka koma, an yanke shi da wuƙa, sai tabo. Ana cinsa ai, kuma abin haushin ana noma shi cikin sauƙi a garin katako, mai kwaɗayi ya je ya saya mana.

Dattijuwar ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi ɗin da na fi samun sauƙi. Wayata kawai ta karɓa ta nuna min inda ake kashe alamar wuri a kyamara. Yanzu a littafinta muke rubuta inda muka gani, bishiyar nan kuma na je mata sau huɗu bana, shiru tukuna.