Amsar "babu" ce ta fi wa kwamfuta tsada

Buɗe fayil ɗin da yake nan ba wani aiki ba ne a wajen kwamfuta. Inda take shan wuya shi ne ta tabbatar maka cewa fayil ba ya nan. Ina rubuta wannan ne don 'yan uwa masu shagunan kwamfuta a nan Katsina, domin da yawanmu da zarar aiki ya yi nawa sai mu ɗora wa netiwok laifi, ko mu ce inji ya tsufa a sayi sabo, alhali wani lokacin matsalar tana cikin yadda ake neman suna ne kawai.

Shagonmu yana wajen Ƙofar Marusa. Muna buga katin biki, kalanda, fasfo, da furojet ɗin ɗalibai idan ƙarshen zango ya zo. Kwamfutocin gaba duk Windows ne, saboda CorelDRAW. A ɗakin baya akwai wata tsohuwar inji mai Linux wadda duk aiki ke zaune a kanta, manhajar Samba ce ke raba wa sauran. Foldar hotunan fasfo ta tara fayiloli dubun dubata, domin mutum yakan dawo bayan shekara biyu ya ce a sake wanke masa, shi ya sa ba ma gogewa. Yaron da ke mana zane ne ya fara lura. Ya ce, "Oga, in na buɗe tsohon hoto nan take yake buɗewa, amma in zan ajiye sabo sai ya tsaya yana tunani." Wannan bambancin da ya gani shi ne dukan maganar.

Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. FASFO.jpg da fasfo.jpg abu ɗaya ne a wurinta, tun zamanin DOS da sunayensa masu baƙaƙe 8 da wutsiya 3, duk manya. Linux kuwa ta gaji Unix, tsohon tsarin da aka kwaikwaya wajen gina ta: suna jerin lambobi ne kawai, in lamba ɗaya ta bambanta, suna ya bambanta. Samba tana tsakiya, dole ta yi wa Windows abin da ta saba. Idan aka nemi suna, sai ta tambayi Linux daidai yadda aka rubuta shi. In an samu, shi ke nan. In ba a samu ba, ba ta da ikon cewa babu, domin wataƙila yana nan da wani rubutun. Sai ta karanto foldar gaba ɗaya, ta gwada kowane suna ɗaya bayan ɗaya. Sabon fayil kuwa ai sunansa ba ya nan tukuna, don haka duk ajiyar sabon hoto sai an bi ta kan dubban tsofaffin. Wine, wadda ake gudanar da manhajojin Windows da ita a kan Linux, ita ma haka take yi.

Ka tuna mai karɓar saƙo a tasha. In ka ce masa akwai kwalin wane daga Kano, kuma ya tuna inda ya ajiye, miƙa hannu kawai zai yi. Amma kafin ya ce maka "bai iso ba" da gaskiyarsa, sai ya ɗaga kowane kwali a rumfar.

Ita kanta zuciyar Linux, wato ainihin ɓangaren da ke sarrafa faifai da ƙwaƙwalwar inji, ta daɗe da magance wannan a nata ɓangaren. Tana da ma'ajiyar sunaye a cikin ƙwaƙwalwar inji, wadda masu aikin ke kira dcache. Duk sunan da aka taɓa nema ana rubuta shi a can tare da foldar da yake ciki da fayil ɗin da yake nufi, don kada a koma kan faifai a karo na biyu. Ana ɗaukar sunan a yi masa lissafi ya ba da lamba guda, lambar ta nuna gurbin da za a duba, sai a gwada 'yan sunayen da ke gurbin. Abin da ya fi burge ni shi ne har "babu" ake ajiyewa. In an nemi suna ba a samu ba, sai a rubuta shi ba tare da fayil a bayansa ba, gobe in an sake tambaya amsa tana hannu. Ba ƙaramin amfani ke nan ba, domin manhajoji kullum cikin neman abin da babu suke: Windows tana leƙa kowace folda tana neman desktop.ini, wasanni suna bin folda bayan folda suna neman fayilolin DLL, wato guntayen manhaja da suke buƙata don su yi aiki.

A 2019, cikin Linux 5.2, ext4, wato tsarin da Linux ke jera fayiloli da shi a kan faifai, ya samu ikon yin watsi da girman baƙi da kansa, aikin Gabriel Krisman Bertazi na kamfanin Collabora. F2FS, wani tsarin ajiyar, ya biyo baya a 5.4, shi ne ke cikin wayoyin Android da yawa. To daga nan ma'ajiyar sunaye ta shiga sabon hali. Kafin a yi wa suna lissafi dole a fara naɗe shi, a mayar da duk baƙaƙensa siffa ɗaya, in ba haka ba FASFO da fasfo za su faɗa gurbi daban-daban, ba za su taɓa haɗuwa ba.

A Turanci naɗewar wasa ce. Babban A lambarsa 65, ƙaramin a kuma 97, tazarar 32 ce ga duk baƙaƙe 26. Namu fa? Ƙ tana kan 408 a Unicode, teburin da ya ba kowane baƙi na duniya lambarsa, ƙ tana kan 409, tazara 1. Ɗ tana kan 394, ɗ tana can 599. Ɓ 385, ɓ 595. Babu wata dabarar ƙari ko ragi da za ta haɗa su, sai an buɗe tebur an duba. Ni wannan ya shafe ni kai tsaye, domin na daɗe ina matsa wa yaran shago su rubuta sunan mutum da ƙugiyarsa: Ɗanjuma, Ɗahiru, Ƙanƙara, Ɓatagarawa. Wani zai rubuta sunan fayil duk da manyan baƙaƙe, wani da ƙanana, kuma ina son duka biyun su kai ga hoto ɗaya. ext4 ya ɗauko teburin Unicode 12.1 ya saka a cikin zuciyar Linux, don haka ɗanjuma da ƊANJUMA suna haɗuwa. NTFS, tsarin ajiya na Windows, ya bi wata hanyar: lokacin da ake tsara faifai yake rubuta teburinsa mai kilobayit 128 a cikin wani ɓoyayyen fayil, $UpCase, dokar ta zauna tare da faifan duk inda aka kai shi. Hikimar hakan ta fito a ƙarshen 2024, lokacin da aka ɗan taɓa dokar naɗewa a Linux, lissafin wasu sunaye masu alamar zuciya ya canja, mutane suka kasa buɗe fayilolinsu alhali suna nan a kan faifai. A Disamba aka janye gyaran.

Yanzu ga inda "babu" ta zama matsala. A ce wata manhaja ta nemi ƊAHIRU.JPG, ba a samu ba, aka ajiye wannan amsar da wannan rubutun. Jim kaɗan yaro ya zo zai ajiye Ɗahiru.jpg. Ma'ajiya ta naɗe sunan, ta ga ai tana da shi, ta miƙo tsohon rubutun, sai a ƙirƙiri fayil da sunan da ke jikinsa, wato ƊAHIRU.JPG, sunan da mai ajiyewa bai rubuta ba. Alkawarin waɗannan tsare-tsare kuwa biyu ne: ba za su damu da girman baƙi wajen nema ba, amma za su adana suna yadda mai shi ya rubuta. Ajiye "babu" ba tare da lura ba yana karya na biyun.

Masu ext4 sai suka zaɓi kada su ajiye "babu" sam a cikin irin waɗannan foldoji. Ko fayil aka goge, rubutunsa ake cirewa daga ma'ajiya maimakon a bar shi a matsayin shaidar rashi. Manhajar da ke kula da FAT a Linux, wato tsarin yawancin filash ɗin da kwastomomi ke kawo mana, ta bi tsakiya: tana riƙe amsar, amma da zarar ta ga ƙirƙirar fayil za a yi ko canja suna, sai ta jefar da ita a sake nema da sabon rubutu. Bertazi ya sake komawa kan batun a 2023 yana neman hanyar da ext4 da F2FS za su riƙe "babu" ba tare da ɓata suna ba.

A ganina zaɓin farko na ext4 daidai ne, ko da ya rage sauri. Asarar ma ba ta kai yadda ake zato ba, domin ext4 yana da fihirisa a kan faifai wanda aka gina da naɗaɗɗen suna, don haka ko ba a tuna ba, gurbi ɗaya za a duba, ba foldar duka ba. Ma'ajiyar da ta tuna ƙarya kuwa illarta ba ta tsaya kan rubutu ba. A Maris 2021 masu Git, manhajar da masu rubuta manhajoji ke adana aikinsu da raba shi da ita, suka fitar da 2.30.2 don toshe wata ɓaraka irin wannan. Git yana tuna cewa ya riga ya duba wata folda, a ce A, ya ga folda ce ta gaskiya, don kada ya sake dubawa. Mugun mutum sai ya saka wani mahaɗi, wato fayil mai nuna hanya zuwa wani wuri, mai suna "a" a cikin aikin, mai nuni zuwa cikin .git, foldar da Git ke ajiye kayansa. A kan Windows ko Mac, "a" da "A" wuri ɗaya ne, mahaɗin ya maye gurbin foldar, Git kuma yana nan kan tsohon tuninsa. Sai ya rubuta fayil ta cikin mahaɗin zuwa inda ake ajiye umarnin da ke gudana da kansu. A wasu injina, sauke aikin kawai ya isa a gudanar da umarnin wani. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya sha faɗa a fili cewa watsi da girman baƙi kuskure ne tun tushe, kuma idan na karanta irin wannan nakan fahimci fushinsa. Sai dai ni kwamfutocin gabana Windows ne, kwastomomina kuma ba za su canja don ra'ayin kowa ba. Tunda dole wani ya yi naɗewar, na fi son a yi ta a wuri ɗaya, kusa da fihirisa, da a bar kowace manhaja tana karanta folda tana ƙirƙiro tata dokar.

Abin da na yi a shago ba shi da yawa. Na tsara sabon faifai da umarnin mkfs.ext4 -O casefold, na buɗe foldar fasfo na yi mata chattr +F, alamar da ke sa ta yi watsi da girman baƙi. Wannan alamar ba ta hawa sai folda tana fanko, kuma foldojin da aka buɗe a cikinta suna gadonta. A saitin Samba na wannan rabon na sa case sensitive = yes, wanda a ido kamar akasin abin da ake so ne, amma ma'anarsa ita ce Samba ta daina karanta folda, ta yarda da amsar da Linux ya ba ta. Tsayawar nan ta lokacin ajiye sabon hoto ta tafi.

Wanda zai yi haka ya binciki tsohuwar foldarsa kafin ya kwafa. Duk fayilolin da aka taɓa zubawa kai tsaye ta ɓangaren Linux, ba ta Samba ba, suna iya ƙunsar tagwaye irin Hoto.jpg da hoto.jpg masu ɗauke da fuskokin mutum biyu daban. A sabuwar foldar gurbinsu ɗaya ne, na biyu zai hau kan na farko. A fitar da jerin sunaye, a mayar da su ƙananan baƙaƙe, a ware waɗanda suka maimaitu a canja musu suna tukuna, kuma a tabbata abin da aka yi jerin da shi ya san Ɗ da ɗ, domin umarnin tr na Linux baƙaƙen Turanci kaɗai yake juyawa.