Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Rahoton Ƙarshen Wata

Makon jiya na tsaya a inda aka turo mu Kano ni da maman yara, muka kama ciki da falo a unguwar Gama. Yau kuma maganar Kawu ce ta hana ni barci.

Kawu, kun san shi, wanda ya yi jinya a Yadakunya, kusa da Kano, lokacin da Turawan mishan na SIM ke kula da kutare a can. A can ya koyi karatu, ya dawo gida da Littafi Mai Tsarki irin fassarar 1932, bango duk ya ɓare. Yatsu biyu suka rage masa a hannun dama, da gefen hannu yake juya shafi, yana lasar leɓe. Ranar da za mu hau mota ya ce mini, "Ɗana, bishara ƙafa ce, baki ɗan rakiya ne." Na ce to, Kawu. A raina kuwa ina ganin ni da na fito makarantar Baibul, wa'azi zan je yi.

Aikin da na tarar shi ne jan sanda. Mutanen ƙauyukanmu za su sauka a tasha da tsoho mai yanar ido, ba su san gabas ba, ba su san yamma ba. Ni zan riƙe bakin sandar, tsohon ya riƙe gindinta, mu ratsa Sabon Gari har asibitin ido na cocin ECWA, wanda mishan suka buɗe tun 1943. In yanki kati, in nemo masu tabarma da koko, in kwana kusa da su. Yawancinsu Musulmi ne. In lokacin salla ya yi, ni ke ɗebo ruwa a buta in juya su gabas. Wata tsohuwa daga wajen Rano, da aka cire mata bandeji, ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ɗago ta ce, "Au, ashe yaro ne kai? Na zaci dattijo ne." Har yau maman yara na tsokanata da wannan.

Amma a takardar rahoton ƙarshen wata babu gurbin jan sanda. Gurbi biyu ne: mutum nawa suka tuba, nawa aka yi wa baftisma. Wani matashin fasto, ba zan kira sunansa ba don 'ya'yansa na karanta wannan, ya ɗaga takardata a gaban dattawa ya ce, "Malam, shekara ta zagayo, ina 'ya'yan itacen?" Aka rage mini alawus. Shi ko Hausa sai da tafinta. Na yi shiru, na dawo gida na kasa cin tuwo. Bishara ƙafa ce, in ji Kawu, to amma wa zai auna ƙafa a takarda?

A shekarun nan ne addu'ata ta sake. Da, roƙo nake Ubangiji ya cika mini benci. Daga baya sai na ji ina kiran sunayen mutane ɗaya-ɗaya: mai shayin bakin layi da matarsa ke fama da hawan jini, almajirin da ke mana wanke-wanke.

Da rikicin Oktoban 1991 ya ɓarke kan zuwan Reinhard Bonnke, mai wa'azin Kirista ɗan ƙasar Jamus, mai shayin nan ne ya tura ƙanensa ya kwashe mu zuwa ɗakin mahaifiyarsa. Ta yafa wa maman yara mayafinta, ta ce, "Ɗiyata, zauna nan bayana." Faston nan kuwa, kura na lafawa ya nemi canji, bai sake taka Kano ba. Ban ce ya yi laifi ba, kowa da nauyin da zai iya. Ina dai faɗa ne.

Na tsallake haihuwar autarmu, ita da kanta ta kira ni ta yi ƙorafi. Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan kawo labarin haihuwar, tare da labarin jana'izar Kawu da rigimar da dangi suka tayar kan inda za a binne shi.