Tuƙa jirgin yaƙi da karkata hannu

Jama'a, makon jiya ƙanina ya sayo tsohuwar Wii, wato na'urar wasan bidiyo, a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, muka haɗa ta a ɗakinmu na Agege. Muka saka The Sky Crawlers: Innocent Aces, wasan jirgin yaƙi da masu yin wasannin Ace Combat suka shirya. Nunchuk, wato ƙaramin abin sarrafawa da ake jonawa da rimot ɗin Wii, shi ake riƙewa a hannun dama, ka karkata shi jirgi ya kwanta gefe, rimot kuma a hagu, ka ɗaga shi gudu ya ƙaru.

Wallahi akwai daɗi. Idan abokin gaba ya biyo ka a baya, jikinka gaba ɗaya ke juyawa tare da jirgin, har kafaɗa ta san ana yaƙi. Amma wurin saita harbi nan gizo ke saƙa. A rimot ɗin wasa da aka saba, ƙaramin maɓallin da ake turawa da babban yatsa yana komawa tsakiya da kansa in ka sake shi. Hannu a iska ba shi da tsakiyar da zai koma, duk ɗan rawar da ya yi na'urar za ta ɗauka umarni ne, jirgi ya yi ta tangal-tangal.

Shi ya sa nake ganin tilasta wa mutum wannan salo kuskure ne. A 2007 wasan Warhawk na na'urar PlayStation 3 (PS3) ya bar zaɓi a hannun mai wasa. Wasan Lair kuwa ya tilasta karkata Sixaxis, wato rimot ɗin PS3, aka yi ta ƙorafi, sai a 2008 aka ƙara masa tuƙi da maɓalli.

Ni dai a wasan shaƙatawa irin wannan, a bar ni da karkata hannu. Malam, kai wanne ka fi so?