Faifan da masu sharhi suka yaba, ya cinye mini sallah guda

Duk lokacin da aka ambaci ƙaramar sallar 2017, abin da yake fara faɗo mini a rai shi ne talabijin ɗin bakin ƙofa a kunne, hannuwan buga gem biyu a ajiye kan benci ba mai taɓa su, inji kuma yana ta zuƙar mai a waje. Ranar sallah fa. Wanda ya taɓa riƙe gidan gem ya san a kwana ukun nan ake haɗa kuɗin haya, domin yaro ya yi yawon sallah ya cika aljihu, kuma ba ya son kuɗin ya kwana a hannunsa.

Talabijin uku gare ni a lokacin, a wani ɗan shago a unguwarmu a Kano. Biyu na ƙwallo ne, waɗannan ba a taɓa su. Na ukun na haɗa masa PS4 da na sayo da kyar, na ce wannan na faɗa zai zama. Shekarar kowa ya san yadda dala ta yi, a farkonta sai da ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage, litar mai kuma tana 145. Faifai ɗaya kuɗina zai iya saye, kuma ta hannun wani ɗan'uwa da ke fatauci zai zo, in ya zo ba mayarwa.

Biyu na sa a gaba, dukkansu an fito da su a matsayin rufe labari. Naruto Shippuden: Ultimate Ninja Storm 4 na kamfanin CyberConnect2 ya fito a Fabrairun 2016. BlazBlue: Central Fiction na Arc System Works ya isa Amurka da Turai a Nuwambar shekarar, shi ne na huɗu kuma na ƙarshe a labarin Ragna, bayan Calamity Trigger da Continuum Shift da Chrono Phantasma. Ni BlazBlue na sani tun ina makaranta, na buga Continuum Shift II a PSP har maɓallan suka saki. Zuciyata dama ta karkata. Abin da nake nema a sharhin Turawa shi ne wanda zai ce mini na yi daidai, kuma na samu.

Dare uku a cikin azumi, bayan asham, ina karanta sharhi a waya. A Metacritic, shafin da yake tara makin masu sharhi, makin Central Fiction ya ɗara na Storm 4. Game da Naruto, kusan bakinsu ɗaya: faɗan manyan bosawa, wato manyan abokan gaba na labarin, abin kallo ne, jarumai sun haura ɗari, amma dukan ba zurfi, maɓalli ɗaya kake ta dannawa, sannan wurare da yawa a labarin hotuna ne a tsaye aka ɗora musu murya. Game da BlazBlue kuwa yabo suke kamar ba gobe. Jarumai sama da talatin, kuma ba biyun da ake buga su iri ɗaya, saboda kowa da abin da maɓallin D yake yi masa. Ragna yana zuƙe jinin abokin faɗa, Jin yana daskarar da shi, Tager yana janyo shi da maganaɗisu, Rachel tana juya iska, Carl kuma mutum biyu kake tuƙawa lokaci guda, shi da 'yar tsanarsa. Suka yaba sababbin abubuwan da aka ƙara, Exceed Accel da Active Flow, wanda yake saka wa mai kai hari. Suka ce nan jerin ya kai maƙura.

Ba su yi ƙarya ba ko ɗaya. Wannan ne yake ƙara ƙona mini rai, don da sun yi ƙarya da na sami wanda zan ɗora wa.

A kusan kowane sharhi na BlazBlue akwai gargaɗi biyu, can wajen tsakiya ko ƙasa. Na farko, wanda bai bi na baya ba ba zai gane komai a labarin ba. Na biyu, babu muryar Turanci. Ukun farko duk an yi musu, wannan kuwa aka fito da shi da Japananci da rubutu a ƙasa, aka ce jiran muryoyin zai jinkirta fitowarsa da watanni. Masoya a can sun yi ta ƙorafi, har takardar koke suka tara wa sa hannu a intanet, don shekaru suna jin Ragna da muryar Patrick Seitz, sai a rufewar labari aka ɗauke musu shi. Na karanta duk wannan da idona. Na ce a raina wannan matsalar Bature ce, mu nan faɗa za mu yi, wa ya damu da murya.

Faifan BlazBlue ya iso saura kwana biyar sallah.

Ranar idi da hantsi yara suka cika shago. Biyun farko da suka zauna, ɗaya ya ɗauki Tager saboda girmansa, ɗaya ya ɗauki Hakumen saboda takobi. Aka fara. Naushi ɗaya, tsalle, naushi ɗaya, tsalle. Suna danna komai, ba abin da yake fita. Lokaci ya ƙare musu ba wanda ya kashe wani. Ƙaramin ya juyo ya ce, "Yaya, wannan ba shi da fawa ne?" Na karɓi hannun na nuna masa yadda ake murza ƙasa zuwa gaba a danna, na jera masa duka takwas da Ragna. Ya kalle ni, ya kalli naira hamsin ɗinsa da ta tafi, ya ce, "Yaya, don Allah a sa mana Naruto." Na ce babu. Kafin azahar maganar ta zaga unguwa, kuma wani shago a layin bayanmu yana da Storm 4. Da la'asar na leƙa da kaina, na ga layi har bakin kwata, ana ihu duk lokacin da wani ya saki babban dukansa allo ya cika da wuta. Abin da masu sharhi suka kira rashin zurfi shi ne yake tara wa mutumin kuɗi. Yaro ya san Sasuke, ya san Madara, ya kalle su a waya, ya danna maɓalli biyu ya ga abin da ya biya ya gani.

Amma ba sayen faifan ba ne babban kuskurena, kuma sai da na ɗauki makonni kafin na yarda da hakan. A wurin zaɓen jarumi, Central Fiction yana ba ka hanyar bugu biyu, Technical da Stylish. A Stylish, in ka yi ta danna maɓalli ɗaya duka yana jeruwa da kansa, akwai maɓalli guda na fawa, tsaro ma yana taimaka maka. An yi shi ne daidai don irin yaron nan mai naira hamsin. Na san da shi, tun a na PSP akwai irinsa. Masu sharhi ma sun ambace shi, layi ɗaya ko biyu, su wuce. Ni kuwa na raina shi, ina ganin bugun ragwaye ne, wanda zai buga BlazBlue ya koya yadda na koya. Kwana uku na sallah ina tsaye a kan yaran nan ina barinsu a Technical, ina yi musu darasin murza hannu, alhali maɓalli ɗaya zan danna musu a wurin zaɓe su ga wuta ta tashi. Girman kai ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Talabijin ɗin nan ko kuɗin man da ya sha bai mayar ba.

Bayan sallah kasuwa ta kwanta, damina ta sauka sosai, na zauna da faifan ni kaɗai. Na ji cewa in ka gama labarin ana buɗe maka wani jarumi mai suna Susano'o, na ce ko wannan dodon zai janyo yara. Nan gargaɗin farko ya kama ni. Ni da nake ganin na san BlazBlue, Chrono Phantasma kawai na tsallake, amma sai na zama baƙo. Ragna ya farka ba ya tuna komai, ana ta ambaton Embryo da Amaterasu da waɗanda suka cancanta, ga Naoto da Es da Mai da suka shigo daga wasu littattafai da wasannin gefe da ban taɓa gani ba. Akwai doguwar bita a farko, akwai ƙamus a ciki, duk da haka sai na koma baya sau biyu sau uku. Kuma labarin karatu ne zalla, fuskoki biyu a tsaye suna magana, faɗa sai jefi-jefi. Nan kuma gargaɗi na biyu ya same ni. Da akwai muryar Turanci da ina share shago ina saurare. Babu, dole ido ya tsaya a kan rubutu, in an ɗauke wuta in tayar da inji don in karanta. Mu da muka saba da fim mai fassara, wanda ko kana cin tuwo kana bin labari, ni ne na ce murya matsalar Bature ce.

Duk da haka na kai ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba, ya taɓa ni. Wanda bai gama ba ya tsallake wannan layin. Ragna ya zaɓi a shafe shi daga tunanin kowa domin ƙannensa su rayu, duniya ta ci gaba ba wanda ya san ya taɓa wanzuwa. Na kashe inji na zauna a duhu na ɗan lokaci. Masu sharhin da suka ce rufewa ce mai gamsarwa ga wanda ya bi tafiyar, su ma sun yi gaskiya.

A tsakiyar Yuli aka yi EVO, babbar gasar gem ɗin faɗa, a Las Vegas, Central Fiction yana cikin manyan wasannin. Na sauke wasan ƙarshe a waya, inda Ryusei ɗan Japan ya ci kofi da Carl. Wani yaro ɗan sakandare da yake taya ni karɓar kuɗi ya leƙo ta kafaɗata, ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Yaya, wannan shi ne namu na bakin ƙofa?" Na ce shi ne. Ya ce a kunna. A ranar ne, don kada ya gaji ya tashi kamar sauran, na sa masa Stylish. Minti biyu ya jera duka goma da Azrael ya yi tsalle daga benci. Abokansa suka taso daga ƙwallo. Kafin magariba ana rigimar layi a talabijin ɗin da ya yi sallah a bushe. Daɗi da takaici suka haɗu mini a wuri ɗaya, don abin da ya faru ranar nan shi ne zai faru ranar idi da na sauke kaina.

Bayan wata biyu yaron da kansa ya ce a cire masa Stylish, wai yana hana shi yin abin da yake so. Shi ya fara yi mini Astral Heat a shagon, dukan gamawa da ba ya fita sai a zagayen da za ka ci wasa, ma'auninka a cike, jinin abokin faɗa ya yi ƙasa sosai. Zurfin da aka yaba yana nan. Hanyar shiga ce na toshe da hannuna.

Har yanzu ina da abin da nake riƙe da shi game da masu sharhi. Mutumin da yake rubutu yana da na'urarsa a ɗakinsa, wuta ba ta yankewa, ya sayi faifai sau ɗaya yana da sa'o'i arba'in na koyo kyauta. Makin da ya bayar na mai irin rayuwarsa ne. Wanda yake biyan kuɗi kowane wasa minti uku gare shi, a cikinsu zai so abu ko ya ƙi shi. Shi ya sa Stylish ya sami layi ɗaya a wurinsu, ni kuwa a wurina shi ne duk cinikin. Shi ya sa kuma suka rage wa Storm 4 maki a kan abin da ya sa yara suke layi. Daga baya na saye shi kafin babbar sallah, na kuma gane shi ma ba fanko ba ne, wanda bai iya tattalin damarsa guda huɗu ta sulluɓe wa duka ba gwani zai wanke shi tas.

Yanzu in wani zai buɗe shago ya tambaye ni, nakan ce ya rufe makin sharhin da yatsa, ya gangara inda aka rubuta aibu, ya karanta shi da murya, ya tambayi kansa ko wannan aibun zai sami masu shigo masa. In faifan na ƙarshe ne a jeri, ya ninka tambayar, domin wanda ya rubuta sharhin yawanci ya buga na baya duka, yabonsa na tsohon masoyi ne. Kuma kafin ranar kasuwa ya miƙa hannun ga yaron da bai taɓa ganin wasan ba, ya koma gefe ya yi shiru ya ga abin da zai faru. Da na yi wannan a kwana biyar ɗin da faifan ya yi a hannuna kafin sallah, da na gani.

A 2022 aka gyara wasan intanet na Central Fiction a kwamfuta, mutane suka dawo masa da yawa, a shekarar kuma Toshimichi Mori da ya ƙirƙiri jerin ya bar Arc System Works. Ni na rufe shagon tun kafin nan, na sayar da talabijin da benci da inji. Faifan kaɗai na hana. Yaron nan yana jami'a yanzu, in ya zo hutu yakan biyo gida da hannunsa a jaka, ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, a ɗauko na bakin ƙofa." Rabona da cin sa wasa biyu a jere an fi shekara uku.