Makulli na Sakkwato, naƙuda na Gandi

A daminar 2018, bayan harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, aka tura ni Gandi inda waɗanda suka tsere suka tare. Ungozomar asibiti ce ni, da takardata da farin kayana, ina ganin aikin bai wuce awon ciki da rabon magani ba.

Mun je da kwalayen kayan haihuwa. Kowace leda akwai sabulu, sabuwar reza, zaren ɗaure cibiya, safar hannu da shimfiɗar roba. Ni na hana a raba su, na ce sai mace ta zo da naƙuda a buɗe mata, kada gobe mu gan su a kasuwa. Ga shi kuma la'asar na yi muke kama hanyar Sakkwato, don babu direban da zai yarda magariba ta same shi a wannan hanya.

Wata safiya na iske wata yarinya ta haihu cikin dare a kan tabarma, an yanke cibiya da tsohuwar reza. Na fara faɗa. Tsohuwar da ta karɓi haihuwar ta bari na gama, sannan ta ce, "Ɗiyata, kayanki na cikin kwali, makulli na Sakkwato. Da mi kike so in yanka?"

Na ce, "Inna, ki gafarce ni." Ban sami abin ƙarawa ba.

Ranar muka raba ledojin ga duk mai tsohon ciki. Na zauna da Inna kan maganar zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu jego. A makaranta allurar oksitosin aka koya mana, amma ita sai da firji, mu kuwa ko fitila ba mu da ita. Ƙwayar misoprostol ba ta buƙatar sanyi: guda uku uwar za ta sha, da zarar jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki. Inna ba ta karatu, amma sau ɗaya na faɗa ta riƙe. Inda muka sha gardama shi ne cibiya. Ita gashi ta sani da tsumma mai zafi, ni ina cewa a shafa kulohezidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ta. Dakashi kuwa, da wasu ke matsewa su zubar, ita ta shawo kan matan suka fara ba jarirai, ba ni ba. Maganata ta baƙuwa ce.

Masu kawo agaji sun fi son buhun shinkafa da tabarmi, sun fi kyau a hoto. Ban raina ba, mai shayarwa na buƙatar abinci. Amma cikin mata 100 masu ciki, kusan 15 kan gamu da matsalar da sai asibiti, kamar jijjiga ko doguwar naƙuda, kuma wannan mota yake so da mai da hanya mai aminci. Nan ledata ba ta da amfani, Inna ma ta san iyakarta.

Cibiyar jaririn nan ta yi ruwa, sai da muka yi masa allura kwana da kwanaki kafin ta bushe. Daga nan duk safiya Inna na tare ni da fankon maganin da ta yi amfani da shi, ƙulle a gefen zane, mu ƙirga tare in cika mata.