Daga Kano Zuwa Dallas Saboda Tambaya 125

A kwalejin jiragen sama ta Zariya na koyi tuƙi, da lasisin gida kuma nake cin abinci. Amma mai son zama kyaftin a jirgin fasinja mai rajistar Amurka sai ya riƙe babban lasisin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wanda ake kira ATP, ƙofar shigarsa kuwa rubutacciyar jarrabawa ce. Iri biyu ce ga matuƙan jirgi irin namu. Ta mai inji ɗaya ba ta buƙatar wani kwas, sai dai ba za ta kai mutum kujerar jirgin fasinja ba. Ta mai inji biyu ko fiye, wadda ake kira ATM, tambaya 125 ce, kuma tun watan Agustan 2014 ba a barin kowa ya zauna mata sai ya yi kwas na musamman. Ita na zaɓa, don sakamakonta yana aiki har wata 60, ina da sararin cika sa'o'in tashi 1,500 da lasisin yake nema.

Bayan biza da tantance lasisi da ɗaukar hoton yatsu, na tashi daga Kano zuwa Doha, daga can sai doguwar tafiya zuwa Dallas. Fasinjoji na barci, ni ina kan littafi a ƙarƙashin ƴar fitilar kujera, ina fama da ma'auni. Mu da muka saba jin hasumiya ta ce hazo ya rage gani zuwa mita 800, can da mil ake faɗa. Nauyin iska da inci, mai da fam. Ga dokar filin ko-ta-kwana: idan daga awa ɗaya kafin lokacin sauka zuwa awa ɗaya bayansa gajimare zai yi ƙasa da ƙafa 2,000, ko gani ya gaza mil 3, dole a tanadi wani filin.

Dallas shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ga rana kamar ta bazarar Kano. Makarantar tana kusa da filin jirgi, kuma sa'o'i 30 aka ware wa aji. Malaminmu tsohon kyaftin ne da ya ajiye aiki, da labarin hatsarin jirgin da ya faru kusa da birnin Buffalo na Amurka ya fara. Ranar 12 ga Fabrairu 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407 yana shirin sauka, gudunsa ya ragu har sandar tuƙi ta fara karkarwa tana gargaɗin cewa fikafikan sun kusa daina kama iska. Maimakon a tura hancin jirgin ƙasa, sai aka ja shi sama. Mutum 50 suka rasu. Iyalansu suka yi ta zarya a majalisar dokoki har aka yi dokar 2010, wadda ta haifar da kwas ɗin da muke zaune a ciki. Ajin ya yi tsit.

Sa'o'i 10 na na'urar kwaikwayon tuƙi su ne suka fi tsaya mini a rai. Rabona ya faɗo cikin dare. Wani babban akwati ne a kan dogayen ƙafafu, ana rufe ƙofa sai ka manta a ƙasa kake. Malam ya kai mu sama da ƙafa 35,000, ya sa muka bar gudu ya zube. Kujera ta fara rawa, sanda ta kama karkarwa a tafin hannuna, duk jikina yana ce mini in ja. A wannan tsayin iska ba ta da kauri, injin ba zai cece ka nan take ba. Na tura hanci ƙasa, ina kallon allurar ma'aunin tsayi tana cinye dubban ƙafafu kafin fikafikan su sake kama iska. Da na fito rigata ta jiƙe sharkaf, na shimfiɗa darduma a kusurwar ɗakin bita na yi Asuba.

Wasu ƴan ajinmu manhajar waya suka riƙe, suna haddace amsoshi har sukan gane amsa tun ba su gama karanta tambaya ba. Ana cin jarrabawa da haka, ni ma na yi amfani da ita wajen gwada kaina. Amma ban yarda mutum ya tsaya nan ba, domin akwai rayuka a bayan ƙofar da yake zaune. Duk tambayar da ta shafi fikafiki ko ƙanƙara ko lissafin mai, sai na koma littafi na ga dalili.

Ranar jarrabawa aka karɓe waya, aka ba ni fensir da farar takarda da kundin zane-zane, aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Kowace tambaya zaɓi uku, ana neman kashi 70. Lissafin nauyi da daidaiton jirgi ne ya fi cin lokaci. Ina tashi aka buga sakamako, alhamdulillahi na haye. A ƙasan takardar akwai lambobin fannonin da na rasa maki, kuma a kansu mai gwaji zai titsiye ni ranar jarrabawar tuƙi. Tun a jirgin dawowa Doha na buɗe babin farko daga cikinsu.