Da hannuna na kori ƙudan zumana na farko

Ranar da na ɗaga murfin amyata ta farko na tarar wayam babu ƙuda ko ɗaya, na jima a tsaye riƙe da murfin na rasa abinda zan yi. Saƙa na nan a rataye amma ta yi baƙi, wasu tsutsotsi sun huhhuda ta sun bar farin zare kaman yanar gizo-gizo, ga wani wari mai tsami yana tasowa. Wata biyar ina hidima da su. Na ɗora wa tururuwa laifi, na ɗora wa zafin rana, har wanda ya sayar min da su bai tsira ba, sai da na zauna da wani dattijo da ya daɗe a harkar ya dinga jero min tambayoyi sannan na gane ni na kore su. Har yau abin na min ciwo, shi yasa nake so ƙannena masu sha'awar kiwon zuma ku ji tun kafin ku sayi akwatin farko.

Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaro, sau nawa kake buɗe su a sati?" Na ce, "Baba, kusan kullum, ina son in ga ko sun fara tara zuma." Ya girgiza kai ya ce, "Kai da za a dinga yaye rufin ɗakinka kowace safiya, kwana nawa za ka yi a gidan?"

Ashe ƙudan zuma suna riƙe ɗumin wajen da 'ya'yansu suke a kusan digiri 35, ko ana sanyi ko ana zafi, kuma duk wata 'yar kafa da iska ke shiga sai sun liƙe ta da wani danƙo da suke ɗebowa a jikin bishiyoyi. Toh duk sanda ka ɗaga murfi ka karya liƙin nan, ka saki ɗumin, ka busa musu hayaƙi, aikin da suka wuni suna yi ya koma baya su sake daga farko. Ni kuma ina ganin kulawa ce nake yi. A lokacin furanni buɗewa sau ɗaya cikin kwana 7 zuwa 10 ta wadatar, in fure ya ɗauke ma ka ƙara tazara. Sauran kwanakin ka samu waje ka zauna a gefen amya, ba a gaban ƙofa ba, ka zuba ido. In ka ga suna dawowa da ƙulli-ƙullin garin fure a ƙafafunsu na baya, wani rawaya wani ja-ja, yawanci alama ce akwai 'ya'ya a ciki ana ciyar da su. In ka ga ana kokawa a bakin ƙofa, baƙin ƙuda ne suka zo sata. Rabin abinda kake son sani ƙofar nan za ta faɗa maka.

Abu na biyu da na yi sakaci da shi, kuma shi na fi so ku riƙe, ban iya karanta saƙa ba. In na buɗe sai in yi ta ciro sandunan da saƙa ke rataye a jikinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman sarauniya, uwar amya mai zuba ƙwai, wani lokaci har kusan awa guda amya a buɗe, in ban gan ta ba hankalina ya tashi. Baba ya ce min ka daina neman ta, ƙwai za ka nema. Ya ciro saƙa ɗaya daga amyarsa ya juya baya ga rana yadda haske zai faɗa cikin ramukan, ya ce leƙa. A ƙasan kowane rami ga wani ɗan abu fari siriri a tsaye, kaman an yanko guntun zare an kafa. Wallahi wata biyar ina kallon saƙa ban taɓa lura da shi ba. Ƙwai kwana 3 yake yi ya ƙyanƙyashe, kenan in ka ga ƙwai ka san sarauniya na nan cikin kwana ukun da suka wuce ko ba ka gan ta da ido ba, sai ka mayar ka rufe. Daga ƙwai zuwa fitowar ma'aikaciya, wato macen ƙudan da ke duk aikin amya, kwana 21 ne, sarauniya kwana 16, namiji kwana 24. Ku haddace lambobin nan, da su za ku dinga lissafin komai. Ma'aikaciya a lokacin aiki sosai sati shida kawai take rayuwa, shi yasa in sarauniya ta mutu ba ka lura ba, cikin ɗan lokaci za ka ga jama'ar amya na ta raguwa ba ka san dalili ba. In ka ga ƙwai biyu uku a rami ɗaya, a manne a gefen ramin ba a ƙasa ba, toh an daɗe babu sarauniya, ma'aikata ne suka fara zuba ƙwai kuma maza kawai zai haifar.

Nan ne amfanin farawa da amya biyu yake. Ni da ɗaya na fara don ina ganin zai fi sauƙi, ashe na hana kaina abin kwatance, ban san yadda mai lafiya take ba balle in gane tawa ba ta da lafiya. Kuma da biyu ne, in ɗaya ta rasa sarauniya sai ka ɗauko saƙa mai sabon ƙwai daga ɗayar ka sa mata su raini sabuwa da kansu. Biyu, ba goma ba. Sauri ya haifi nawa.

Sai maganar akwati. Hoto na gani a intanet na kai wa kafinta na ce yi min irin wannan, babu awo babu komai, shi ma ya yi iya yinsa ba laifinsa ba ne. Ƙudan suka gina saƙa a gicciye, suka haɗe sanda uku huɗu waje guda, duk wadda na ɗaga sai saƙar ta tsage zuma da 'ya'ya su zube ƙasa, ƙudan su fusata. Akwai wata tazara da suke bari don wucewa, wajen milimita 6 zuwa 9. In fili ya fi haka sai su cike shi da saƙa, in bai kai ba su liƙe da danƙo. Wani Ba'amurke Lorenzo Langstroth ne ya gina akwati a kan wannan awon a 1851, har yau akwati mai firem da ake cirewa, wato zagayen katakon da suke gina saƙa a ciki, sunansa yake amsawa. In kuma irin mai sanduna a sama za ka yi, wanda ake kira na Kenya, faɗin kowace sanda shi ne komai, wajen milimita 32 ga ƙudan Afirka, 35 ga na Turai, ka shafa ɗan layin kaki a tsakiyar sandar su bi shi, kuma akwatin ya zauna daidai kar ya karkace. Ka tafi wajen kafinta da awo a rubuce, ka tsaya a kai.

Yanzu ga wanda ya ƙarasa kashe amyar, kwaɗayi. Da na ga saƙa ta fara nauyi sai na yanke kusan duka, har wadda ba a rufe bakinta ba, ina ɗokin in nuna wa mutane. Ruwan fure yawancinsa ruwa ne, ƙudan ke fifita shi da fukafukai har ruwan ya sauka zuwa wajen kashi 18 cikin ɗari sannan su rufe ramin da farin kaki, rufin nan shi ne shaidar ta nuna. Tawa da na matse ɗanya ko wata biyu ba ta yi ba ta fara kumfa ta yi tsami, murfin kwalbar ya kumbura. Na yi asarar zumar, su kuma na bar su babu abinci daidai lokacin da furanni suka ɗauke. Ga saƙar da na lalata, wadda sai sun ci zuma kusan kilo 6 zuwa 8 kafin su samar da kilo ɗaya na kaki. Yunwa, ga takura kullum, suka yi rauni suka kasa tsare gidansu, tsutsar kaki ta shiga, suka tattara suka tafi. Shekarar farko ka sa a ranka ba lallai ka sha zuma ba, shekarar gina gida ce. In ma za ka ɗiba, rufaffiya kawai, wadda babu 'ya'ya a jiki, ka bar musu rabo mai kauri. In lokacin yunwa ya zo amya ta yi sakayau a hannu, ka dama musu farin sukari da ruwa ka sa a ciki, ba a waje ba don kar ka kira ɓarayi.

Harbi kuwa za a harbe ka, shan zuma sai da harbi, amma kar ka mai da shi jarumta. Na taɓa zuwa babu rigar kariya da yamma hadari ya haɗo, sanye da baƙar riga ga turare a jikina, ɗaya ta harbe ni a wuya na kai mata mari, kafin in ankara sun rufe ni. Wajen da aka harba yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba da ke kiran sauran. Ka kankare ƙarin da farce nan take, ka busa wa wajen hayaƙi, ka ja da baya a hankali. Ragar fuska dole ce ko da leƙawa kawai za ka yi, kaya masu haske, hayaƙi mai sanyi kaɗan-kaɗan a ƙofa ka jira minti ɗaya biyu kafin ka ɗaga murfi. Kumburi a wajen harbi ba komai ba ne, amma in maƙogwaro ko leɓe ya fara kumbura, numfashi na sarƙewa, jiri na ɗibar mutum ko ƙuraje suka feso a duk jiki, asibiti kai tsaye ba jira, wannan yana kisa. Dan Allah kar ku ɗauki wannan da wasa, ko a kanku ko a kan yaran da ke kusa. Kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Ka yi tunanin maƙwabta kafin ka ajiye amya. Ƙofarta kar ta kalli hanyar mutane ko wajen da ake ɗaure dabbobi, in da shinge mai tsayi a gabanta ya fi don su tashi sama. Ka aje musu ruwa tun ranar farko da 'yan duwatsu a ciki su samu wajen sauka, in ba haka ba za su saba da ruwan gidan wani kuma raba su da shi aiki ne. A wasu wuraren ma sai ka yi rajista, ka tambaya. Ka zaɓi waje sau ɗaya, don ni na taɓa matsar da amya taku goma da rana tsaka, masu fita kiwo suka dawo suka dunƙule a tsohon wajen suna ta shawagi har dare. Ko dai ka dinga matsarwa ƙasa da mita ɗaya a rana, ko ka kai ta nesa fiye da kilomita 5 da dare bayan kowa ya shigo. Ƙafafun teburin da ka ɗora amya ka tsoma su a gwangwani mai ruwa ko ka shafa musu giris saboda tururuwa, ka share ciyawar da ke taɓa akwatin, ka koyi duba ƙwaron baroa da ke manne wa ƙudan da 'ya'yansu, ka roƙi manoman kusa su sanar da kai kafin su yi feshi.

Amyata ta biyu sai da na bi Baba wata uku ina riƙe masa abin hayaƙi kafin na karɓo ta, tare da ta uku. Na sayi ɗan littafi, duk buɗewa in rubuta kwanan wata, na ga ƙwai ko ban gani ba, saƙa nawa ke da 'ya'ya, nawa ke da zuma, sun yi faɗa ko sun yi laƙwas. Minti goma na rufe. Zumar farko da na ɗiba a cikinsu sai a shekara ta biyu, saƙa huɗu rufaffu fari tas, sauran na bar musu.